Ranar da na cire agogon a birnin Biyena

Mahaifina ya rasu yana da shekara 52. Da safe ya fita lafiya ƙalau, da azahar aka shigo da shi a kwance. Shekarata 14 a lokacin, kuma abin da na ji manya suna ta faɗa shi ne kwana ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma ba wanda ya ce mana zuciyarsa ce ta tsaya, balle a ce mana irin wannan ciwo yana bin jini. Kekensa aka bar min, baƙi mai nauyi, ya fi ƙarfina, sai dai in zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya in riƙa tuƙawa a karkace. Na yi shekara huɗu a kansa. Daga nan karatu ya ɗauke ni, aiki ya karɓa, ƙarshe ga ni a Jamus da mata da 'ya'ya uku, ina zaune gaban kwamfuta awa tara a rana. Kusan shekara talatin ban ɗora ƙafa a kan feda ba.

Ba zan ɓoye laifina ba, tunda don wani ya amfana nake wannan rubutu. Ina shan taba, a ɓoye wai don kada yara su gani, alhali duk sun sani. An ce ina da hawan jini, an ba ni magani, ina sha in na tuna. A watan Janairun 2021, ina da shekara 47, bayan sallar isha'i na ji kamar an ɗora min buhu a ƙirji. Na ce gyambon ciki ne. Na sha ruwa, na kwanta, na tashi, na zagaya falo. Nauyin ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi, zufa ta karyo min a tsakiyar hunturu. Awa uku na yi ina gardama da jikina. Maiɗakina ce ta gaji, ta ce, "Malam, ko ka yarda ko kada ka yarda, ni zan kira." Ta buga 112, lambar kiran taimakon gaggawa.

Daga baya likita ya zana min a takarda. Jijiya ɗaya daga cikin masu kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma duk awar da ta wuce a toshe, wani yanki na naman zuciyar yana mutuwa, ba ya kuma dawowa. Sun zura wata siririyar roba ta jijiyar wuyan hannuna har zuciya, suka buɗe wurin, suka bar wata 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada ya sake rufewa. Ya ce da na zo da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba. Bai faɗa da faɗa ba, amma har yau in na tuna awa ukun nan sai in ji kunya. Lokacin kullen korona ne, ba a barin kowa ya shigo dubiya. Ni kaɗai a ɗaki da na'ura tana ƙirga min bugun zuciya, ina lissafin cewa saura shekara biyar in kai shekarun mahaifina.

Aka tura ni wata cibiya mako uku don in farfaɗo. A can aka ɗora ni a kan keken motsa jiki, irin wanda ba ya zuwa ko'ina, da wayoyi manne a ƙirji. Minti goma na farko na sauko ina rawar ƙafa. Aka gaya min adadin bugun da bai kamata in wuce ba a minti ɗaya, 120. Da na koma gida na sayi agogon hannu mai auna bugun zuciya, kuma daga nan wani sabon ciwon ya fara, wanda ba a gani a hoton asibiti.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni tsummana a hannu yake ɗaure. Ina hawa bene ina kallon agogo. Ina cikin salla, in na ɗago daga sujada sai idona ya saci kallonsa. Cikin dare in farka in danna shi, hasken ya tashi maiɗakina. Sau biyu na sa aka kai ni asibiti da tsakar dare, aka duba, aka ce ba komai. Na bar taba, ina shan magani a kan lokaci, nauyina ya ragu, kowa yana cewa na yi kyau. Ni kuwa na daina dariya, don dariya ma tana ɗaga lambar. Yara suka koyi tafiya a hankali a gida kamar ana jinya, shekara guda da rabi.

'Yata ta fari ce ta kawo maganar tafiya. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. Tana da shekara 19 a lokacin. Ta ga na sayi keke ina zagaya unguwa da shi, zagaye ɗaya kullum, hanya ɗaya, don na san inda motar asibiti za ta iya tsayawa a kowace kwana. Ta ce, "Baba, akwai hanyar keke da ke bin kogin Danub daga Passau zuwa Biyena. Babu tudu, ruwa ake bi yana gangarawa. Tsofaffi ma suna yi." Na ce sai na tambayi likita, ina fatan ya hana. Ya sa aka gwada ni a kan keken asibiti har na yi haki, ya duba takardu, ya ce in tafi, in riƙe magunguna, in huta in na gaji. Haushinsa na ji a ranar.

Muka tashi a watan Satumban 2022. Passau tana bakin iyakar Jamus da Ostiriya, inda koguna uku suke haɗuwa, Danub da Inn da Ilz, kowanne da launin ruwansa. Daga nan zuwa Biyena, babban birnin Ostiriya, wato Vienna kamar yadda ake rubutawa a taswira, kilomita 320 ne da 'yan kai. Muka raba shi kwana bakwai. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, yawancinta ba mota, kuma iska tana yawan busowa daga yamma, wato ta bayanmu, tana turawa.

Da ma in iya ba ku labarin kyawun hanyar nan dalla-dalla. Na san mun wuce Schlögen, inda kogin ya yi kwana ya juyo kamar zai koma inda ya fito, muka shiga ɗan jirgin fito da kekunanmu. Na san mun kwana a Linz, mun wuce ƙarƙashin katafaren gidan 'yan zuhudu na Melk da ke kan dutse, mun ratsa kwarin Wachau mai gonakin inabi hawa-hawa a jikin tsaunuka har zuwa Krems. Na sani ne don akwai hotuna a wayar Mamana. A hoto bayan hoto, kaina a sunkuye yake, ina duba hannu. Wuri ɗaya ne ya shiga raina da gaske, Mauthausen, sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane daga 1938 zuwa 1945, inda aƙalla mutum 90,000 suka mutu a cikinsa da rassansa. A kan tudu yake, na sauka na tura keken da hannu har sama. Na tsaya a kan matakala 186 da ake tilasta wa fursunoni hawa da duwatsu a baya, na kasa cewa komai. Ko a nan ma, Allah Ya yafe min, sai da na duba agogon.

A Tulln, daren ƙarshe kafin mu shiga birni, Mamana ta ajiye wayarta ta ce, "Baba, kwana shida muna bin kogin nan. Ban ga ka kalle shi sau uku ba." Na ce lafiyata nake kula da ita. Ta ce, "To ai shi ke nan." Ba ta ƙara ba. Irin shirun mahaifiyata ne sak.

Ranar Alhamis da la'asar muka shiga Biyena ta bakin mashigin ruwan da ya ratsa birnin. Na zaci in na iso zan ji wani abu, farin ciki ko hawaye. Ban ji komai ba sai ciwon mazaunai. Jirginmu na komawa sai Asabar, don haka Juma'a a sake take. Niyyata in kwanta a masauki in huta. Ita ta ce kekunan suna nan, jakunkuna kuma mun sauke su, ai asara ce a zo har nan a ga birni ta taga.

Duk wanda ya yi mako yana tuƙa keke da kaya zai san abin da nake nufi: ranar da ka sauke jakunkunan, keken sai ya zama kamar ba naka ba. Ka taka feda sau ɗaya ya zabura. Kan keken ya yi sakayau har yana rawa a hannu. Sannan tuƙin birni daban yake da na bakin kogi. A can za ka yi awa guda ba ka taɓa birki ba, hankalinka ya tafi inda ya ga dama, nawa kuwa wuri ɗaya yake zuwa. A birni kowane taku ashirin akwai abin da ke neman idonka: fitilar hanya ta masu keke daban, mai tafiya a ƙasa ya shigo layinka yana kallon waya, ɗan aike ya wuce ka kamar iska, keken doki na masu yawon buɗe ido, sai kuma taragon nan na cikin gari mai tafiya a kan dogo a tsakiyar titi, yana kaɗa ƙararrawa.

Muka hau babban titin da ya kewaye tsohon gari, wanda suke kira Ring. Da can ganuwa ce a wurin, ita ce ta tare rundunar Daular Usmaniyya a 1529 da kuma 1683. A 1857 Sarki Franz Joseph ya ba da umarni a rushe ta, aka shimfiɗa titi mai tsawon kilomita biyar da ɗoriya a gurbinta, aka jera masa manyan gine-gine: majalisar dokoki, jami'a, zauren birni, gidan waƙe, fadar sarakuna. Hanyar keke tana bi ta ƙarƙashin itatuwa. Mamana tana gaba tana nuna min abubuwa da hannu ɗaya, ni ina biye, ido ɗaya a kanta, ɗaya a hannuna.

A wata mahaɗa ce, inda dogon tarago ya ratsa hanyarmu a karkace. Ƙa'idar kowa ya sani, in za ka tsallake dogo da keke, ka gicciye shi sosai, kada ka bi shi a kaikaice, don akwai rami siriri a jikin ƙarfen daidai faɗin taya. Mamana ta faɗa min da safe. Amma a daidai lokacin agogon ya yi ɗan motsi a hannuna, na sunkuya in gani. Tayar gaba ta faɗa ramin, kan keken ya ƙi juyawa, sai ga ni a ƙasa. Gwiwa ta daki kwalta, tafin hannu ya goge, hular kwano ta bugi gefen titi ƙwas.

Wata dattijuwa da wani saurayi suka ja ni gefe, suka ɗauke keken daga kan dogo. Na zauna a bakin titi na jingina da itace. Ƙirjina yana dukan uku-uku. Na duba: 146. Tun da na fito asibiti ban taɓa ganin wannan lamba ba. Na ce shi ke nan, ta zo, a titin ƙasar mutane, a gaban 'yata. Na fara kalmar shahada. Mamana ta durƙusa ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta ce, "Baba, kalle ni. Akwai nauyi a ƙirjin? Hannun fa? Muƙamuƙi?" Ashe ta haddace alamomin tun daren farko, wayarta kuma tana hannu, lambar gaggawa tana kan fuskar wayar, saura ta danna. Na saurari jikina, abin da rabona da yi tun kafin in sayi agogon. Babu nauyi. Babu komai a hannu sai zafin ƙujewa. Gwiwa ce kawai ke zugi, jini yana bin ƙwauri yana shiga safa.

Muna zaune lambar ta fara sauka da kanta. 130. 118. 104. Tarago biyu suka wuce, mutanen ciki suna kallonmu. Zuciyar da na yi wata ashirin ina lallaɓawa kamar ƙwai, ta tsorata kamar ta kowa, ta yi gudu, ta kuma dawo ta nutsu ba da taimakon kowa ba. Sai dariya ta kama ni. Mamana ta zaci kaina ne ya bugu. Na ce mata rabona da faɗuwa a keke tun ina ɗan shekara 15, kuma gwiwar nan ce dai, ga tsohon tabon a gefen sabon. Ta wanke ciwon da ruwan gora, ta manna filasta. Na kwance agogon na miƙa mata. Fatar wurin ta yi fari, ta yi laushi, da shatin madauri. Ta jefa shi a aljihun jakarta ba ta ce uffan ba.

Kan keken ya ɗan karkace, na matse tayar gaba tsakanin gwiwoyina na murɗa shi ya miƙe, yadda na ga mahaifina yana yi. Muka ci gaba.

Daga nan ne na fara ganin Biyena. Muka kutsa tsohon gari, inda tituna suka ƙuntata, aka shimfiɗa su da duwatsu masu sa haƙora kaɗawa, muka sauka muka tura kekuna cikin cunkoso har gindin babban cocin Stephan. Hasumiyarsa mita 136 ce, sai da na riƙe hula na ɗaga kai, rufin kuma an jera shi da fale-fale masu launi kamar saƙar tabarma. Muka fita muka nufi Prater, tsohon dajin farautar sarakuna da aka buɗe wa talakawa a 1766. A bakinsa akwai katon lilon nan mai kama da tayar keke, yana juyawa tun 1897. Ta cikin dajin hanya ta miƙe sambal fiye da kilomita huɗu, itatuwa dama da hagu. A kanta ne ɗan Kenya Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu, ranar 12 ga Oktoban 2019. Mamana ta ce mu gwada ko za mu iya gudunsa a kan keke, wajen kilomita 21 a awa. Na canza giya na taka. Iska ta cika min riga, ganyaye suna fashewa a ƙarƙashin taya, ina jin zuciyata tana bugawa da ƙarfi a kunnuwana, ban kuma san lambarta ba. Na yi ihu kamar yaro. Ba mu yi nisa ba na sassauta, mutumin nan ba ƙafar mutane gare shi ba.

Lokacin Juma'a ya matso. Muka haye gada zuwa tsibirin da ke tsakiyar kogin, siriri mai tsawon kilomita 21, wanda mutane suka gina da hannunsu tsakanin 1972 da 1988 don kare birnin daga ambaliya. Babu motoci a kansa sai kekuna da masu gudu. Daga can ana hango dogayen gine-ginen ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan na tsaya na kalli Danub da kyau, karo na farko. Faɗi gare shi, launinsa tsakanin kore da toka, yana tafiya ba hayaniya, wani dogon jirgin kaya yana turo ruwa a hankali. Kwana bakwai yana gefena.

Babban masallacin birnin yana tsallaken ruwan, an buɗe shi a 1979, da kubba da hasumiya mai mita 32. Muka ɗaure kekuna a jikin shinge cikin wasu da yawa. Na yi alwala ina kaffa-kaffa da filasta. A sahu akwai Turkawa, Larabawa, 'yan Bosniya, 'yan Afirka. Gwiwar ta hana ni durƙusawa daidai, sai da na miƙe ƙafar gefe, wani tsoho kusa da ni ya matsa ya ba ni wuri. Na yi sujada na ɗago, idona ya tafi hannu bisa sabo, ya tarar da farar fata. A sujada ta biyu na daɗe. Na yi wa mahaifina addu'a, kuma a karon farko ban haɗa da lissafin shekarunsa da nawa ba.

Da yamma ba mu bi taswira ba. Muka sake hayewa, muka ɓata, muka faɗa wata unguwa inda wani gini ja da rawaya ya miƙe fiye da kilomita guda ba yankewa. Karl-Marx-Hof ne, gidajen da hukumar birni ta gina wa ma'aikata tsakanin 1927 da 1930, har yau kuma mutane ne a ciki, ga shanya a baranda, ga yara suna ƙwallo a tsakar gida. Ya fi fadar sarakunan burge ni, gaskiya. Daga bayansa hanya ta fara hawa zuwa gonakin inabi da tsaunin Kahlenberg. Mamana ta kalle ni. Na ce mu taɓa. Muka sa ƙaramar giya muna hawa muna hira, har inda na ji maganata ta fara yankewa, ba na iya ƙarasa jimla sai na ja numfashi. Na ce nan ya isa. Ko rabi ba mu yi ba. Muka juya kekuna, birnin duk yana shimfiɗe a ƙasa, ga hasumiyar cocin, ga lilon, ga kogin ya rabu biyu da tsibirin a tsakiya. Ta nuna min da yatsa wajen da take jin a nan na faɗi.

Da na koma na ba likita labari, har da 146. Ya duba ni, ya ce zuciyar tana nan yadda ya bar ta. Ya ce abin da na yi a kan tudun shi ne daidai: muddin ina iya magana ina tuƙi, ban wuce kima ba, in magana ta gagara in sassauta. Amma ya ja kunnena, in na sake jin nauyin nan a ƙirji, ko a hannu, ko a muƙamuƙi, kada in tsaya duba agogo ko shan ruwa, in kira a take. Na ce wannan karatun na biya kuɗinsa.

Tsoron bai tafi gaba ɗaya ba. Akwai daren da nake farkawa in sa yatsa biyu a wuya ina ƙirgawa. Magunguna suna nan safe da dare, kuma haka za su kasance har ƙarshen rayuwata. Ina zuwa aiki a keke yanzu, in ba ƙanƙara ta rufe hanya ba, akwai dogon tarago biyu a hanyar, ina gicciye su kamar mai tsallake wuta. Agogon yana wurin Mamana. Na tambaye ta sau ɗaya, wajen wata biyu da dawowarmu, ta ce ta manta inda ta sa shi. Na san ƙarya take yi, ita ma ta san na sani.